Farar Rigar Baba a Kafaɗar Mai Jita

Ina yaro mahaifina ya taɓa dawowa gida ba riga. Ya fita da hantsi cikin babbar rigarsa, ya dawo bayan la'asar daga shi sai 'yar ciki da wando da hula, yana ta murmushi shi kaɗai. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta ajiye rariya.

"Malam, ina rigar?"

"Na bayar."

"Ka ba wa?"

"Wani mai kukuma, a bikin mahauta."

"Wasa ka ya yi?"

"Ko sunana bai sani ba."

"To me ya ce da har ka tuɓe a gaban jama'a?"

Baba ya zauna a kan turmi ya ce, "Ke dai ba ki ji shi ba ne."

Sana'ar Baba ɗinkin hannu. A zaure yake wuni da allura da zare yana yi wa rigunan mutane aiki, kuma a lokacin wannan ita ce riga ɗaya tilo da ya taɓa zama ya yi wa kansa. Inna ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni kuwa ina bayanta ɗari bisa ɗari. A ganina cire wa mawaƙi riga na masu hali ne, waɗanda ke da wasu a jere cikin akwati, kuma sai an kira sunansu da na kakanninsu tukuna. Sai da Baba ya tsufa, ido ya fara gajiya, sannan ya sake ɗinka wa kansa wata: farar shadda, aikin aska takwas da zaren tsamiya. Bai sa ta sau da yawa ba Allah Ya karɓi abinsa. Ranar da zan taho Caina Inna ta fito da ita daga ƙasan adaka tana ƙamshin turaren wuta, ta ɗora mini a hannu. Ta ce, "Ita kaɗai ta rage na aikinsa. Ka riƙe ta. Kada ka yi mini halin ubanka." Na yi dariya na ce ta kwantar da hankalinta, ni kasuwa za ni.

Wani Alhaji ɗan unguwarmu ne ya kawo ni Guangzhou. Yana da ɗan ofis a benen Tianxiu, inda yake haɗa wa 'yan kasuwar Kwari ta Kano kaya yana tura musu. Aikina shi ne yawon kasuwa. Da sassafe ina kasuwar Shahe ina tonon riguna da wanduna, wani lokaci in zarce ta Shisanhang, in yi ciniki da ɗan yaren da na tsinta da kuma yatsu, sannan in tara buhuna a bakin titi in jira mota. Mai motar da ke kwasar mana kaya wani dattijo ne ɗan asalin garin, gajere, mai sanƙo, kullum da kwalbar shayi a gefen giya. Yana kira na lawban, wato maigida, ni ma ina kiran sa lawban, kowa ya san zolaya ce. A motarsa na fara jin mawaƙin da nake son ba da labarinsa.

Gaskiya farkon ji na tsane shi. Kiɗan rok ne, irin na jita mai lantarki da ganguna, ga ƙara kamar ana gyaran rufin kwano. Muryar mutumin kuwa a dishe take, yana ja yana karta. Na sha cewa da direban ya sauya mana wani abu, sai ya girgiza kai ya ce "meyo", kalmar da 'yan kasuwarsu ke faɗa idan babu abu. Babu wani faifai a motar sai na wannan mutum. Ya kwashe su kaf, tun daga na ƙuruciyarsa har na tsufansa, yana juya su kullum. Na haƙura, don motarsa ba ta makara kuma bai taɓa ɓatar mini da buhu ba.

Wata rana da damina ruwa ya tsare mu a kan gadar sama, motoci sun cushe ba gaba ba baya. Na gaji, ƙafafuna sun kumbura, kuma a makon nan kewar gida ta dame ni. Waƙa ta zo da hayaniyarta yadda ta saba. Can a tsakiya sai komai ya ɗauke. Ganguna suka yi shiru, jita ta rage tsirkiya ɗaya tana kuka a hankali, muryar nan ta fito ita kaɗai, ta hau sama har na ce yanzu za ta tsinke, ta tsaya a can tana rawa, ba ta tsinke ba. Ban san kalma ko ɗaya ba, don da yaren mutanen garin yake waƙa, wanda ya bambanta da na kasuwa da na iya. Amma na ji mutum yana kiran wani da ba zai amsa ba. Na juya fuskata wajen gilashi don kada direban ya ga idona. Ya gani. Sai ya miƙa hannu ya maido waƙar farko.

Da muka sauka daga gadar ya fassara mini da yaren kasuwa, a guntu-guntu. Wai wani mutum ne a bakin kogi yana jiran jirgin fito na ƙarshe. Matarsa tana sayar da kifi a ƙetare, da wannan jirgin take dawowa. Jirgin ya iso, kowa ya sauka, mai jirgi ya ɗaure igiya, shi kuwa yana tsaye. An daɗe da gina gada, an daɗe da daina fito, matar ma ta daɗe da rasuwa, amma shi a waƙar kullum jirgin yana isowa.

Daga ranar na zama abin da ban taɓa zaton zan zama ba. Na sa direban ya zuba mini waƙoƙin a waya. Ina ɗaure buhu ina ji, ina cin tuwo a gidan abincin 'yan Nijar da ke Xiaobei ina ji. Tarihin mawaƙin kuma a bakin direban na same shi, yau kaɗan gobe kaɗan, tsakanin Shahe da sito. Walda yake yi tun yana saurayi, a wurin gyaran jiragen ruwa. Wani matuƙin jirgi ya sayar masa da tsohuwar jita, ya koya wa kansa. Ya tara gashi har kafaɗa a lokacin da iyaye ke ganin haka iskanci ne. Waƙoƙinsa na farko a kaset suka yaɗu, wannan ya kwafa ya ba wancan, har sautin ya dushe. Direban ya ce kaset ɗin da ya fara samu ya sha kwafi har ba a jin ganguna, sai muryar kawai, kuma haka suka haddace ta. Daga baya ya cika filayen ƙwallo da masu sauraro. Yana tsakiyar tashe sai ya ɓace. Matarsa ce ta kwanta ciwo, ya ajiye jita ya zauna jinya shekara da shekaru, har mutane suka ɗauka ya mutu. Da ya dawo gashi ya yi fari, murya ta ragu. Bai yi ƙoƙarin ɓoye hakan ba. Ya zauna ya tsara sababbin waƙoƙi daidai da abin da ya rage masa a maƙogwaro, kuma waƙar jirgin fito tana cikinsu.

Nan muke faɗa da direban. Shi na ƙuruciya yake so, masu ihu da tsalle, don da su ya yi samartaka. Ni na tsufa nake so. Nakan ce masa a da mutumin yana da murya, yanzu kuwa yana da abin faɗa. Sai ya ce ni da ban jin yaren, ina na san yana da abin faɗa? In ce kunne ai ba sai da yare ba. Ya yi tsaki ya kurɓi shayinsa.

Abu ɗaya ya fi ɗaure mini kai a matsayina na Bakano. Na tambayi direban, a duk waƙoƙin nan wane mai kuɗi ya wasa, wane basarake, wane mai mulki? Ya ce babu. Na ce to wa ke ba shi mota, wa ke ba shi gida? Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Mutumin nan shekara aru-aru yana waƙa, bai taɓa kiran sunan mai hali ba. Yana waƙar takalmin lebura, da uwa mai shanya kifi a kan rufi, da tsohon layi da aka rushe aka yi bene. Akwai wadda ya yi wa masu walda, da jita take kwaikwayon tartsatsin wuta, har kana iya rantsewa ka ji ƙaurin ƙarfe. Na yi ta mamakin yadda mutum zai ɗauki abin da kowa ke takawa ya wuce, ya ɗaga shi har dubban mutane su tsaya suna kuka. Har yau ina wannan mamaki.

Rigar Baba tana nan a akwatina. Sallah da wasu Juma'o'i kawai nake sa ta. Nakan fito da ita wani lokaci in shimfiɗa a kan gado, a ɗakin da ke cike da samfurin riguna masu aikin inji, in dubi bayan aikin, inda ƙullin zaren Baba yake a jere.

Cikin sanyin wata shekara direban ya zo ɗaukar kaya fuskarsa ba walwala. Ya nuna maƙogwaronsa ya ce mawaƙin ba shi da lafiya, ciwon a nan yake, za a yi masa aiki, kuma bayan aikin ba zai sake waƙa ba, in ma ya tashi. Zai yi wasa na ƙarshe ranar Lahadi da rana, a wani tsohon sito da ke bakin kogi wanda aka mai da shi zauren kiɗa. Da rana yake wasa yanzu, shi da masoyansa duk sun wuce shekarun kwana a waje. Direban ya samo mana wurin zama biyu.

Ban yi shawara da kowa ba kafin zuciyata ta yanke. Ina komawa ɗaki na buɗe akwati, na ga rigar, na san inda za ta. Na zauna a bakin gado na tuna maganar Inna, na rufe akwatin. Na sake buɗewa. Me zan kai wa mutumin da ya raka ni shekarun da na fi kowa kaɗaici? Fure, kamar yadda suke yi? Fure na kwana biyu ne. A wurinmu idan mawaƙi ya kai maƙura, riga ake cirewa daga jiki a sa masa, da ɗuminta. Ban san wata hanyar godiya da ta kai wannan ba.

Alhaji kaɗai na gaya wa, shi ma don ya gan ni ina goge rigar ranar Asabar.

"Kai, wane biki ake yi ban sani ba?"

Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Yanzu kai da hankalinka, da gemunka, za ka je ka hau dandamalin mutane? A garin nan? Takardunka fa suna hannun hukuma ana sabuntawa. Mai gadi ɗaya ya riƙe ka ya kira 'yan sanda, shi ke nan, sai Kano. Kuma ba kai kaɗai zai shafa ba, gobe a ce 'yan Tianxiu ne ke tayar da hankali."

"Alhaji, ba hawa zan yi ba, miƙawa zan yi."

"Rigar mahaifinka? Ka ba mai kiɗan gwangwani? Me za ka ce da Hajiya mahaifiyarka?"

Na ce wannan ne ban sani ba tukuna. Ya yi ta faɗa, ya kawo ta nan ya kawo ta can, daga ƙarshe ya ce in dai na ƙi ji to in tafi da kwafin fasfona a aljihu, kuma in bar wayata a kunne. Mutumin kirki ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa, kuma yana da dalili.

Direban kuwa na ce masa kawai ina da kyautar da zan bayar. Da ya gan ni cikin farar riga bai yi mamaki ba, ya saba ganin mu haka ranar Juma'a. Ya ce an yarda a miƙa kyauta a bakin dandamali idan an ɗan tsaya hutu.

Zauren ya cika maƙil. Ban taɓa ganin tsofaffi da yawa haka a wurin kiɗa ba: masu furfura, masu sanda, mata da kwalaben shayi, maza cikin rigunan fata na samartaka da tumbi ya hana su rufuwa. Ni kaɗai ne baƙar fata, kuma ga ni fari fat tun daga wuya har ƙasa. Ana ta kallona, na ɗauka kallon da na saba ne.

Da mawaƙin ya fito sai na ga ɗan ƙaramin tsoho, siriri, da ƙyalle naɗe a wuya. Na ji tausayinsa, har na ce a raina da sun bar shi ya huta. Ya rataya jita, ya ɗaga hannu ɗaya, ya sauke. Wallahi ƙarar da ta fito sai da na ji ta a haƙarƙarina. Waya da motar direba ashe inuwar abin kawai suke ba ni. Yatsun nan da suka yi walda suna gudu a kan tsirkiya, kafaɗarsa ta miƙe, ƙafarsa tana dukan ƙasa, tsohon da na tausaya wa ya tafi, wani ne a wurin. Muryar ta ragu ƙwarai, wani wurin sai iska kawai ke fita. Amma ya san ta sarai. Inda ba za ta kai ba sai ya ja baya daga makirufo ya buɗe hannu, zauren gaba ɗaya ya ɗauka, tsofaffin nan su rera masa baitin har ƙarshe, shi kuma ya tare su da jita a inda ya dace. Direban yana gefena yana rerawa ido rufe, hawaye na bin kumatunsa, bai damu da ya share ba. Ni da ban iya baitin ba na tsaya baki buɗe. Na ga mutum yana kashe ragowar muryarsa a gabanmu da gangan, bai rage komai don gobe ba.

Aka tsaya hutu. Ya zauna a kan kujera yana shan ruwan ɗumi, mutane suka fara zuwa bakin dandamali suna ajiye furanni. Na tashi. Na bi layi har na isa gaba. Na kama wuyan rigar, na cire ta ta kai yadda ake yi, na riƙe ta da hannu biyu na ɗaga ta sama, faɗinta duka ya buɗe.

Zauren ya yi tsit. Ba irin shirun girmamawa ba. Wata tsohuwa a layin gaba ta dafe baki ta kau da kai. Wani ya yi magana da ƙarfi cikin fushi daga baya. Kafin in ankara mai gadi ya riƙe mini dantse, riƙo na gaske, ɗayan hannunsa yana kan 'yar rediyonsa. Sai ga direban ya kutso yana haki, fuskarsa ta yi ja.

"Lawban! Me kake yi? Fari! Fari ne!"

Na ce, "Fari ne mana."

Ya jawo ni ya yi mini raɗa da yaren kasuwa, kalma ɗaya-ɗaya don in gane. A wurinsu farin tufa mai faɗi irin wannan na makoki ne, na gawa da masu binta. Ka sa abinka a jikinka, ba ruwan kowa, baƙo ne kai. Amma ka miƙa shi ga tsoho marar lafiya da zai shiga aiki, a gaban jama'a, ka ce masa ke nan ga likkafaninka.

Na zo da abu mafi daraja da na mallaka, ga shi a idon mutanen nan na zo yi wa gwaninsu fatan mutuwa. Na tuna Alhaji da takarduna. Na tuna Inna. Mai gadi ya fara ja na baya, rigar tana jan ƙasa, na tattaro ta da sauri don kada ta yi datti.

Sai mawaƙin ya yi magana. Ba a makirufo ba, a hankali, amma mai gadin ya tsaya. Ya taso ya zo bakin dandamali ya tsuguna, gwiwarsa har tana ƙara. Kusa da kusa na ga idanunsa, ƙanana, jajaye, suna dariya tun kafin bakinsa. Ya tambayi direban, direban ya juyo gare ni. Duk yaren da na iya na ciniki ne, da shi na yi amfani.

"Babana ya ɗinka. Da hannu. Ya rasu. A garinmu, mai waƙa in ya iya sosai, a cire riga a ba shi. Fari a wurinmu na babban mutum ne. Ban sani ba. Yi haƙuri."

Direban ya mayar masa da yarensu, ya ƙara da nasa bayanin mai tsawo, yana nuna ni yana nuna motarsa da ke can waje. Tsohon ya miƙo hannu. Mai gadi ya sake ni. Ya karɓi rigar ya ɗora a gwiwa, ya bi aikin da ɗan yatsa tun daga wuya har aljihu. Sannan ya yi abin da ban taɓa ganin wani ya yi ba in ba maɗinki ba: ya juya ta ya dubi bayan aikin, inda ƙullin yake. Ya daɗe yana kallo.

Ya miƙe ya koma makirufo da rigar a hannu, ya faɗi wata magana gajeriya. Zauren ya yi jim, sannan aka fashe da dariya, irin dariyar da ke zuwa da hawaye. Direban ya fassara mini yana share hanci. Wai ya ce likitoci sun riga sun gaya masa akwai farar riga tana jiran sa, to gara ya sa wannan tun yana iya jin ko ta yi masa kyau, don waccan ba a yi mata aiki haka.

Mawaƙin ya zura kai. Rigar ta haɗiye shi, hannayenta suka zubo har ƙasa, jita ta ɓace a ciki. Ya ɗaga hannu yana neman yatsunsa, ana ta dariya. Ya dube ni ya yafito ni. Na dubi mai gadi, mai gadi ya kau da kai. Na hau. Na tsaya a gabansa na kama hannun rigar na dama na naɗe na ɗora masa a kafaɗa, na yi wa na hagu haka, yadda Baba yake yi idan zai fita, na gyara wuyan aikin ya zauna daidai a ƙirji. Ƙamshin turaren Inna yana nan a jikinta. Kafaɗunsa ƙashi ne kawai a ƙarƙashin hannuna. Ya ce mini shiye-shiye, wato na gode, na ce ni ne da godiya, da Hausa, na sauka.

Waƙar jirgin fito ya yi. Da aka zo wurin nan da komai ke ɗaukewa, na ɗauka zai ja baya ya bar wa jama'a, don na san muryar ba za ta kai ba. Bai ja ba. Ya matso, ya rufe ido, ya hau. Zauren bai taya shi ba, kowa ya riƙe numfashi. Muryar ta tafi siririya, tana karkarwa, ta isa can sama ta tsaya, ɗan tsoho cikin aikin hannun mahaifina yana kiran matarsa daga ƙetaren kogi. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma ba na tsammanin zan sake ji. Na yi kuka a fili, ban juya fuskata ko'ina ba.

Da aka tashi rana ba ta faɗi ba tukuna. Iskar kogi tana kaɗawa, ni kuwa daga ni sai 'yar ciki da wando da hula. Tsohuwar nan ta layin gaba ta tare ni a ƙofa ta cusa mini lemo biyu a hannu. Direban ya kunna mini na'urar ɗumi a mota, yana ta faɗa, wai da na gaya masa tun farko da ya hana ni, sannan ya ce gara da ban gaya masa ba. Alhaji ya gan ni ina shigowa ina rawar ɗari, ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce, "To, Allah Ya kyauta," ya miƙo mini bargo.

Bayan magariba na kira gida, lokacin hantsi ya wuce a Kano. Muka gaisa, ta tambayi kasuwa, ta tambayi sanyi. Sannan na daure na faɗa mata.

"Inna, na ba da rigar."

Ina jin kaji a tsakar gida, da wani yana buga ƙofa a maƙwabta.

"Wa ka ba?"

"Wani mawaƙi. Tsoho ne, ba shi da lafiya."

"Wasa ka ya yi?"

"Ko yarensa ba na ji, Inna."

Ta ja numfashi. Na shirya wa faɗa, na ma sunkuyar da kai kamar tana gabana.

"Ya iya kuwa?"

"Ya iya."

"To," in ji ta. Sannan muryarta ta sauko ƙasa. "Shi ma mai kukumar nan ya iya. Bayan kwana biyu ya zo wasa a bayan layinmu, sanye da rigar. Na tsaya a bakin katanga na ji shi har ya gama, tuwona ya ƙone. Ban taɓa gaya wa ubanku ba."